Yaya, ga abin da ya sa wasu ranaku ba ma soya albasa a Delhi

Yaya, na ga saƙonka, kuma na gane inda ka dosa duk da ka lulluɓe shi da raha. Wanda ya dawo daga jinya ya gaya maka Hausawan Delhi sun koma 'yan ganye, wasu kwanaki ko albasa ba sa soyawa, shi ne kake tambaya ko zama da maɗaukin kanwa ya fara kawo mana farin kai. Bai yi ƙarya ba, rabin labari dai ya kai maka.

Mu nan kashi biyu ne. Waɗanda suka samu haya a unguwannin Musulmi, irin su Jamia Nagar da Zakir Nagar da Nizamuddin, tukunyarsu ba ta san wata doka ba. Akuya, kaza, ɓauna, duk suna ci, saniya ce kawai dokar gari ta hana yankawa. Sauranmu kuwa a gidajen Hindu muke, galibi mai gida a ƙasa, mu a bene. Akwai wanda tun ranar biyan kuɗin haya zai ce nama ba ya shiga gidansa, ka ga ka nemi wani wurin. Akwai mai sauƙi, wanda roƙonsa ɗaya ne: ranar Talata, da kwana taran da suke kira Nabaratiri, a taimaka kada ƙamshin nama ko albasa da tafarnuwa ya sauko masa. To, mun saba. A waɗannan kwanakin miyar kuka ake kaɗawa a rufe taga, in kwaɗayi ya taso a tafi gidan ɗan'uwa a unguwar Musulmi. Ƙashi ba a jefa shi a kwandon sharar gida sai an ƙulle a leda. Layya ma can muke yinta, a kawo naman a soye.

Daddawa ce ta fi jawo mana magana, har yau matar mai gidanmu ba ta yarda cewa daga 'ya'yan itace ake yinta ba. Su ma fa suna da tasu daddawar, wani ƙaro mai tsananin wari da suke kira hing, shi suke jefawa a mai in za su yi girki babu albasa.

Da a ce camfi ne kawai, da ban ɓata maka lokaci ba. Akwai tsohon tunani a ƙarƙashinsa, wata makarantar falsafa da ake kira Sankiya, wadda suke jinginawa ga wani mai hikima Kafila. Littafinta da ya fi shahara, Sankiya Karika na Ishwarakrishna, baiti saba'in da 'yan kai ne, an tsara shi wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 Miladiyya, kuma tun ƙarni na 6 aka juya shi zuwa Sinanci. Kai da kake son littattafan magabata, Abu Raihan Albiruni ya yi bayanin wannan makaranta a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, har ya ce ya mayar da wani littafinta Larabci. Ka ga ba ni na fara leƙa ta ba a cikin Musulmi.

Abin da suke cewa shi ne samuwa gida biyu ce, kuma babu wanda ya fito daga ɗan'uwansa. Akwai Furusha, wato mai sani tsantsa, wanda ba ya aiki, ba ya canzawa, kallo kawai yake yi, kuma kowane mai rai da nasa. Sai Firakiriti, asalin ɗabi'a, ita guda ɗaya ce, ba ta da farko, ba ta san komai ba, amma duk wani motsi nata ne. Suna misalta haɗuwarsu da gurgu da makaho, gurgun na kan kafaɗa yana gani, makahon yana tafiya.

Inda za ka yi mamaki shi ne abin da suka zuba a ɓangaren ɗabi'a. Mu in an ce ɗabi'a, dutse da ruwa da jiki muke kawowa. Su har hankali sun sa a ciki. A lissafinsu, hankali ne ma ya fara ɓullowa daga Firakiriti, daga shi sai jin "ni ne", daga nan zuciya mai saƙe-saƙe, da gaɓoɓin ji biyar, da na aiki biyar, da wasu latifan asali biyar, sannan sarari da iska da wuta da ruwa da ƙasa. In ka haɗa da ita kanta da Furusha, ashirin da biyar ke nan. Saboda haka fushinka da tunaninka da tuwon da ka ci, a wurinsu duk kayan gida ɗaya ne. Nan abinci ya shigo maganar.

Ita Firakiriti siffofi uku ne suka haɗu suka yi ta, suna kiransu guna. Satwa ita ce haske da sauƙi da natsuwa. Rajas motsi ce da zafi da rashin zama wuri ɗaya. Tamas kuwa nauyi da duhu da kasala. Babu abin da yake da ɗaya zalla, rinjaye ne kawai ke bambanta. Littafin ya ce suna aiki tare kamar fitila: lagwani da mai da wuta ba jinsi ɗaya ba ne, amma sai sun haɗu ake ganin haske. Ita tamas ɗin da ake zagi, in babu ita babu barci, babu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Muddin ukun sun yi daidai wa daida, babu duniya, komai na kwance a ɓoye. Da sikelin ya karkata sai abubuwa su fara bayyana. Ba su yarda ana samar da abu daga babu ba. Man riɗi, in ji su, dama yana cikin riɗin, shi ya sa ba a matse yashi a samu mai.

Rabon abinci kuwa a Bagawad Gita, wani littafin addinin Hindu, ya fi fitowa fili, babi na 17. Mai daɗi, mai maiƙo, mai riƙe jiki, na satwa ne. Mai ɗaci, mai tsami, mai gishiri da yawa, mai yaji da ƙuna, na rajas. Wanda ya kwana, ya salance ko ya fara wari, na tamas. Da wannan ma'auni, yajin tsire da ɗumamen safe duk sun faɗi jarrabawa, kuma ni ban ga ranar da zan bar ɗumame ba. Baitocin ba su ambaci albasa da suna ba, al'ada ce ta sa ta a sahun masu tayar da sha'awa da dusashe tunani. Yawancin maƙwabtanmu ba su taɓa buɗe littafin Sankiya ba, amma kalmomin suna bakinsu, lokacin azuminsu za ka ga gidajen abinci sun rubuta "satwik" a allo. Kada kuma ka ɗauka duk ƙasar haka take. Akasarin Indiyawa suna cin nama ko kifi ko ƙwai, mutumin Bengal ba ya wasa da kifinsa.

Tambayarka ta gaskiya, wadda ba ka furta ba, ita ce ta aƙida. Tsohuwar Sankiya ba ta da Mahalicci a lissafinta, ɗabi'a ce ke warware kanta da kanta, kamar yadda nono ke zubowa ɗan maraƙi ba tare da nonon ya sani ba. Tsira a wurinsu ita ce Furusha ya gane shi ba jiki ba ne, ba hankali ba ne. Tsakanin wannan da "Kun fa yakun" babu gada, kuma babu ɗayanmu da ke neman gina ta. Muna barin albasa ne don haƙƙin maƙwabci, ba don mun yarda tana duhunta zuciya ba.

Akwai inda abin ke sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Siffofin nan ba su tsaya kan abinci ba, an auna mutane da su. Gita ɗin da kanta ta danganta rabuwar mutane aji huɗu da siffofin da ayyuka. Sannan a al'adarsu satwa fara ce, rajas ja, tamas baƙa. Ban ce littafi ne ke sa dillali ya dubi fatarka ya ce ɗakin an riga an kama ba, son zuciya bai buƙatar littafi. Amma mai cin nama, baƙo, kuma baƙi, ya san ba a sahun gaba aka ajiye shi ba. Abin dariyar shi ne falsafar da kanta ta ce Furusha ba shi da siffa ko ɗaya, na mai gida da na ɗan haya duk ɗaya suke.

In Hajiya za ta zo ganin likita kamar yadda ka ce, a gaya wa mai rakiyarta ya riƙa duba jikin kayan gwangwani da biskit. Doka ta sa a buga alama: koren ɗigo a cikin murabba'i na nufin babu nama, babu kitsen dabba, babu ƙwai, alwatika mai ruwan ƙasa kuma na nufin akwai. Don masu ganye aka yi ta, amma mu ma da ita muke sayayya. Kilishin kuma a naɗe shi da kyau, gidan wani ɗan'uwa a Zakir Nagar za mu sauke su.