Me Bud Selig ya tsinana wa besbol?

Malam, ka tambaya ko Bud Selig ya yi wani abin kirki a shugabancinsa na gasar besbol ta Amurka, wato MLB, daga 1992 zuwa 2015. Ya yi, kuma ba kaɗan ba.

Abin da na fi gani da daraja shi ne raba kuɗin shiga, inda ƙungiyoyi masu hannu da shuni irin su Yankees ke ba da wani kaso ga na ƙananan birane. Shi kansa ya taɓa mallakar ƙungiyar Milwaukee Brewers, ɗaya daga cikin na ƙananan biranen, ya san zafin rashi. A 1997 kuma ya sa kowace ƙungiya ta daina ba 'yan wasa lamba 42, don girmama Jackie Robinson, ɗan wasa baƙar fata wanda ya karya shingen wariyar launin fata a gasar a 1947. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai.

Sai dai a zamaninsa yajin aikin 'yan wasa ya sa aka soke World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran gasar, a 1994, karo na farko tun 1904. Batun ƙwayoyin ƙara ƙarfi ma an yi jan ƙafa, sai a 2004 aka fara gwajin da ke da hukunci.