Ƙarfen da aka sa wa Baba a ƙugu, zai taɓa ƙwayoyin gadonsa?

Tambaya: Likita, an sa wa mahaifina ƙugun ƙarfe a 2009. Yanzu matsematsinsa ya kumbura, zaman tahiya ma da ƙyar. An ce ba ƙwayar cuta ba ce, ƙarfen ne ya taɓa ƙwayoyin gadonsa. Shin ƙannena da aka haifa bayan aikin za su gada? Daga wata 'yar'uwa a Agege.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ba za su gada ba. Ƙwayoyin gadon da Baba ke bai wa 'ya'yansa suna nan yadda suke. Abin da ya sauya shi ne waɗanda aka kunna a naman da ke kewaye da ƙarfen, kamar gida ne mai fitilu da yawa, wayar na nan, amma an kunna na ɗakin da ya kamata ya zauna a kashe.

A shekarun da aka yi wa Baba aikin an yi yayin ƙugun da kansa da kwaskonsa duk ƙarfe ne, gamin kobalt da kuromiyam. Duk takun da mutum ya yi sai sun goga juna, su zubar da ɗan gari da ido ba ya gani. Ƙwayoyin jiki masu shara, makrofej, su haɗiye shi. Kobalt kuwa mayaudari ne: yana hana rushewar wani furotin, HIF-1, sai ƙwayar ta ɗauka iskar oksijin ta yanke mata, ta shiga kunna ƙwayoyin gadon neman agaji. Daga nan sinadaran kumburi irin su IL-1 da TNF su kwararo, su kira ƙarin dakarun garkuwar jiki, a kuma kunna RANKL, wanda ke tayar da ƙwayoyin da ke cin ƙashi. Ruwa ya taru, tsoka ta fara mutuwa, a sami ƙullutu mai kama da ciwon daji alhali ba shi ba ne.

Abin da ke damuna, ɓarnar takan yi nisa kafin zafi ya tsananta, don haka kada a tsaya kan man zafi da gashi. Ki nemo takardar aikin, ki ga sunan ƙarfen. Samfurin ASR na kamfanin DePuy an janye shi daga kasuwa a Agustan 2010. Ki kai Baba wurin likitan ƙashi, ga Asibitin Ƙashi na Igbobi kusa da ku. A auna kobalt da kuromiyam a jininsa (a Ingila, abin da ya kai maikirogiram 7 a lita kan sa a zurfafa bincike), a yi hoton MRI mai rage ƙyallin ƙarfe. In nama ya fara lalacewa, sai a sauya masa da na tangaran da roba tun tsokar da za ta riƙe sabon tana da rai. Allah Ya ba Baba lafiya.