Kawu, ga dalilin da ya sa muke neman takardar liman

Kawu, ka tambaye ni me ya sa ɗan maƙwabcinka ya amsa laifinsa wata biyu ke nan amma alƙali bai yanke masa hukunci ba, kuma me ya haɗa limamin unguwarku a Daura da kotun Amurka.

A kotun tarayya ta nan, idan laifi ya tabbata, akwai jami'in kotu da ke binciko rayuwar mutum kafin a yanke hukunci. Zai zaunar da shi, galibi lauyansa na gefe, ya tambayi wanda ya riƙe shi, karatunsa, sana'arsa, lafiyarsa, ko yana shaye-shaye, bakuna nawa yake ciyarwa. Daga nan ya bi diddigi, ya kira matarsa da wurin aikinsa, sannan ya rubuta wa alƙali rahoto. Dole a ba mai laifin rahoton aƙalla kwana 35 kafin ranar hukunci, kuma yana da kwana 14 ya nuna inda aka yi kuskure. A cikin rahoton ake auna nauyin laifin, daga mataki 1 zuwa 43, a haɗa da laifukansa na baya. Wanda ya amsa laifinsa tsakani da Allah ana rage masa mataki 2 ko 3, abin da kan zama watanni, wani lokaci shekaru. Tun 2005 wannan lissafi ya koma shawara, bai ɗaure hannun alƙali ba, shi ya sa tarihin mutum ke da nauyi.

Abin da ke cutar da mutanenmu kunya ce. Wani direban tasi ɗan wajen Katsina ya faɗa min da aka tambaye shi ƙuruciyarsa cewa ya yi, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Alhali yana shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, a bara ya tashi. Jami'in ya rubuta abin da ya ji, alƙali ya karanta. Har yau abin na ci min rai.

Saboda haka mu a Bronx, cikin birnin New York, idan namu ya shiga irin wannan hali, bayan sallar Juma'a muke zama mu raba wa juna rubuta takardun shaida. "Mutumin kirki ne" kaɗai ba ta isa. Liman ya nuna ya san laifin da yaron ya yi, sannan ya faɗi abin da ya gani da idonsa: shi ya sa wa ɗakin mahaifiyarsa kwano, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa.

Kilishi da turaren da ka ce za ka aiko wa jami'in kuwa, don Allah Kawu a bar su, nan cin hanci za a kira shi, yaron ya ƙara shiga uku. Liman ya rubuta da Hausa, ya sa hannu, za mu sa a fassara mu miƙa wa lauya.