Wane Inji Ya Dace da Tsohuwar Hiace?

Tambaya: Ina da Toyota Hiace ƙirar 1995 wadda na sa wa gado a baya, ina kwana a cikinta idan na fita kasuwanni tsakanin Marwa da Ngaundere. Injinta na dizal samfurin 2L ya fara shan baƙin mai. Wani bakanike ya ce in sa injin 1KZ mai turbo (na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska don ƙarin ƙarfi). Mece ce shawararku? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara buɗi. Mu dai mun fi karkata ga 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0, domin dangin injinka ne, yawanci suna zama a mazauninsa ba tare da yanke-yanke da walda ba, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. 1KZ ya fi ƙarfi, babu musu, amma mafi yawansu na'urar lantarki ke sarrafa famfon da ke tura musu dizal, sannan kan injin yakan tsage idan ya yi zafi, abin da ba a wasa da shi ga motar da za ta hau tsaunin Ngaundere da kaya a watan Afrilu.

Kada ka biya kuɗi sai an tayar da injin da sanyinsa a gabanka. Ka buɗe murfin baƙin mai: idan hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi, zobban fistin sun cinye, idan man ya yi fari kamar madara, ruwa yana shiga. Ka sa sabon bel na tayimin, a wanke lagireto, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin saboda takardun mota.