Dubiyar wanda ya sha maganin aidin: amsar Gwaggo

'Yata, saƙonki ya iso, na sa ƙaninki ya ƙara min girman rubutun don idon ya fara gardama. Kin ce wata mai ciwon maƙoƙo ta sha maganin aidin ɗin nan na asibitinku mai tiriri, wato hasken nukiliya da ido ba ya gani, kika fito kika ce wa danginta kada kowa ya matso kusa da ita na wasu kwanaki don kada tiririn jikinta ya shafe shi, sai surukinta ya harzuƙa, ya ce ko kuturu ba a yi masa haka. Kike tambaya ko kin taka al'ada ne.

Ba ki taka al'ada ba, amma kin shiga ta ƙofar da ba ita ba.

Dubiya a wurinmu ba ƙaramin abu ba ce. Haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, kuma da ita ake auna zumunci. Mace za ta manta wanda ya ci bashinta, amma ba za ta manta wadda ba ta leƙo ta ba ran da ta kwanta. A zo da kunu a fulas, a zauna bakin gado, a dafa goshi, a ce Allah ya sa kaffara ne, a tura 'yar ɗari biyar ƙarƙashin matashi. To ke kuma kin tsaya a gaban mutane, da farar riga da ɗan bajon nan naki mai auna tiriri a ƙirji, kin ce duk a ja baya. Abin da dattijon ya ji shi ne an ce 'yarsu abin gudu ce.

Sai dai shi ma ya manta. Keɓe mara lafiya ba Bature ne ya kawo mana ba. Ina yarinya, kafin masu bindigar lamba su zo garinmu wajen 1968, in agana ta kama mutum bukka ake yi masa a bayan gari. Tsohuwar da ta taɓa yin ciwon, mai zanzana a fuska, ita ke kai masa abinci, da ƙwaryarsa da ludayinsa daban. 'Yan dubiya su tsaya daga nesa su ɗaga murya, ya amsa daga ciki. Ba wanda ya kira wannan wulaƙanci. Da aka kawar da agana daga duniya a 1980 sai muka manta da bukkar, muka riƙe zaman bakin gado kaɗai.

Naku ma ya fi sauƙi, tunda ba ya yaɗuwa kamar annoba, kuma yana da ranar ƙarewa. Ke kika koya min cewa ƙarfin aidin ɗin kan ragu da rabi duk kwana 8, kuma mafi yawan wanda maƙogwaro bai riƙe ba yana fita ta fitsari a kwanakin farko, kaɗan ta yawu da gumi. Maganin da kuke yi wa mutane allurarsa don hoton ƙashi kuwa cikin awa 6 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, shi ya sa masu shi ke komawa gida ran nan. To ki fara da ranar. Bahaushe ya san wa'adi: arba'in na jego, wata huɗu da kwana goma na takaba. In kika ce "daga yau zuwa Juma'a ta sama", kamar yadda likita ya rubuta mata, zai ƙirga da yatsa ya haƙura. In kika ce "a nisance ta" kawai, kin bar shi da zargi.

Sannan ki san wa kike gaya wa. Yarinya ba ta ba dattijo umarni a gaban 'ya'yansa, ko da takardar jami'a goma. Ki ja shi gefe, ki rusuna ki gaishe shi, ki ce Baba, ga amanar da muke so ka riƙe mana: butarta daban, kofinta daban, ta kwana ita kaɗai, a kora ruwa sosai in ta zaga, jikoki da masu juna biyu su gaishe ta daga ƙofa. Shi zai fita ya kafa dokar da bakinsa, kuma wallahi sai ya fi ki tsanani.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganar ciki. Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa, na san kunyar 'yan matanmu. Amarya mai cikin fari, ki tambaye ta a gaban uwar miji ko tana da ciki, za ta sunkuyar da kai ta ja gyale ta ce a'a, alhali wata biyu ba ta ga al'adarta ba. Ba ƙarya take nufi ba, bakin ne ba zai iya ba. Ku kuma maganinku yana ratsawa har ga ɗan tayi. Kada ki yarda da a'ar da aka faɗa a gaban mutane. Ki fitar da kowa, ki rufe ƙofa, ki tambayi ranar wankanta na ƙarshe, a yi gwaji. Ki kuma gaya wa mijin, ta bakin abokin aikinki namiji in ya fi, cewa sai an jira aƙalla wata 6 kafin a nemi wani cikin.

Mai goyo kuwa, tunda aidin na bi ta nono, dole a cire yaron tun makonni kafin ta sha, kuma ba komawa. Kada ki ce an hana ta shayarwa, ki ce yaye ne ya zo da wuri. Kowa ya san yaye gidan kaka ake kai yaro, ya sha kunu da ƙuli-ƙuli, ya yi kukansa na kwana uku ya ware. Kakar ma murna za ta yi.

Aikin naku sabo ne. Sashen da aka buɗe a Ibadan ma sai a 2006, mutanenmu kuwa daga nesa suke tahowa, mota guda cike da dangi, sun sayar da akuya sun yi kuɗin hanya. Ka da ki ga laifinsu don sun so su ga fuskarta. Ki bar su su tsaya a ƙofa su yi mata addu'a, ko a kira ta a waya a sa a lasifika.

In dattijon ya dawo ganin likita, ki riga shi gaisuwa, ki tambayi mai jiki da sunan babban ɗanta. Ke kuma ki riƙa tsayawa bayan garkuwar dalmar nan da kika nuna min a hoto, kar sauri ya sa ki sakaci. Babanki yana gaishe ki, ya ce daddawar da kika ce a aiko tana wurin direban Asabar.