Kada ka yi fomatin tukuna, fara da wayar da ramin da ka soka ta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka jona laftof ɗinka da monita, wutar monitar ta kama, amma ba abin da take nunawa sai "No Signal", kuma wani ya ba ka shawarar ka yi fomatin. Don Allah ka dakata. Na sha fama da wannan matsalar a wurin aiki, kuma ban taɓa ganin inda goge Windows gaba ɗaya ya zama maganinta ba. Yawanci laftof ɗin lafiyarsa ƙalau, laifin yana tsakaninsa da monitar.

Fara da abin da ake jin kunyar faɗa. Monita mai ramuka da yawa ba lallai ta gane da kanta inda ka soka waya ba. Nemi maɓallin da aka rubuta Source ko Input a ƙasanta ko a bayanta, ka zaɓi ramin da wayar take ciki. Idan ka soka a HDMI 2 ita kuma tana jiran HDMI 1, haka za ku wuni kuna kallon juna. Daga nan ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate ko Extend, domin idan yana kan "PC screen only" laftof ɗin ba zai tura hoto waje ba.

Idan shiru, shiga Settings, sai System, sai Display. Nan ne za ka san inda ciwon yake. Duk lokacin da aka jona monita, takan aika wa kwamfuta ɗan bayani a kanta, sunanta da girman hoton da take iya ɗauka. Idan ka ga lamba 1 da 2, ko a akwati biyu ko a haɗe cikin akwati ɗaya, to saƙon ya iso, sun ga juna, saura saiti. Sauke girman hoton zuwa 1920x1080, saurin sabunta hoto (refresh rate) kuma 60Hz, musamman idan monitar tsohuwa ce. Idan kuwa akwati ɗaya ne mai lamba 1 kaɗai, ka danna Detect bai ga komai ba, koma kan waya.

A nan ni na sha wuya. Wata rana na ɓata rabin yini a kan wata sabuwar monita, na cire direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya tura hoto zuwa allo, na mayar, na kashe na kunna har na gaji. Wayar sabuwa fil, kai ɗaya HDMI, ɗaya kan DisplayPort, kowanne ya shiga raminsa daram. Sai da na haska tocilan wayar hannuna a kan bakin kebul ɗin na ga wata 'yar kibiya da aka zana. Ashe hanya ɗaya take bi: daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na monita. Ni kuwa na juya ta, laftof ɗina ne mai HDMI. Shigar baki cikin rami ba ya nufin hoto zai wuce. Haka ƙaramar adaftar HDMI zuwa VGA take, ba ta aiki a juye, wadda ke ɗauko VGA ta kai HDMI daban ce, kuma galibi tana buƙatar wuta ta USB.

Ba ka faɗi irin ramin da kake amfani da shi ba. In USB-C ne, to ka buɗe ido sosai, don shi ne ya fi yaudara. Ramukan duk kamarsu ɗaya, amma ba kowanne ke fitar da hoto ba. Wani caji da tura fayil kawai ya iya. Wanda ke fitar da hoto sai yana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode ko kuma Thunderbolt, kuma sau da yawa za ka ga alamar walƙiya ko harafin D a gefensa. Idan ba alama, duba littafin laftof ɗin da lambar samfurinsa. Ita ma wayar haka: wadda ta zo da caja tana iya cika batir lafiya lau amma ba ta ɗaukar hoto ko kaɗan.

Shawarata, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ari wata waya ka gwada. In bai yi ba, jona laftof ɗin da talabijin. In ya nuna a talabijin, laftof ba shi da laifi, saura monita ko wayarta. In VGA ce, leƙa bakinta, allurai 15 ne a ciki, ɗaya ta lanƙwashe ya isa ya ɓata hoton ko ya hana shi zuwa. Ka kuma zare monitar daga soket kamar rabin minti ka mayar. Abin kamar wasa, amma na ga ya tashe ta ba sau ɗaya ba.

Sai bayan duk wannan ake taɓa direba. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare, fuskar za ta ƙifta, direban hoto ya sake tashi. Sannan buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Display adapters. Idan ka ga "Microsoft Basic Display Adapter" maimakon Intel, AMD ko NVIDIA, direban asali ba ya nan, kuma wannan na wucin gadi ba kasafai yake iya tuƙa allo na biyu ba. Sauko da na gaske daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan an sabunta direban, akwai Roll Back Driver da ke mayar da na baya.

Idan waya biyu da allo biyu duk sun ƙi, kuma hoto yana ɗan leƙowa in ka motsa bakin wayar, to ramin ne ya saki daga allon lantarkin da ke cikin laftof ɗin (motherboard), wannan kam aikin mai gyara ne. Kafin nan, turo mana samfurin laftof ɗin da hoton bakin wayar duka biyun, mu gani.