Idan allurar zafi ta hau alhali oga na kujerar baya

Kai da nake koya wa tuƙi, jiya muna wanke mota ka tambaye ni: idan allurar zafin inji ta fara hawa kana ɗauke da babban mutum yana azalzalar ka, tsayawa za ka yi ko ka lallaɓa ka kai shi? Na yi maka shiru, ka ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Raina ne ya ɓaci, kuma ba da kai ba.

Ka tsaya. Ko wane ne a baya, ka sauka gefen titi ka kashe inji. Yadda ake duba ruwa da baƙin mai da safe kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya je ya nemi baro ya tura.

Shekara 35 na yi a aikin ɗan sanda, mafi yawansu a bayan sitiyari. Na tuƙa Land Rover, na tuƙa motar kai fursunoni kotu, daga baya aka zo da su Hilux. Wanda ya koya mini tuƙi yana kan titi ranar da aka yi canjin hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a 1972, kuma idan giya ta yi ƙara a hannunka, ƙeyarka ce za ta biya. Amma motar da na fi so ita ce Peugeot 504, Fijo, wadda a da ake haɗawa a Kaduna. Tawa doguwa ce, mai bayan kaya. Nakan goge ta har sai na ga fuskata a bonet. Ita ce kuma ta ci mini igiya.

Lokacin ina kofur, an riga an sa sunana cikin waɗanda za a ƙara wa girma zuwa saja. Wata ranar bazara, irin wadda kwalta ke laushi, na ɗauko wani oga daga Zariya za mu Funtuwa, yana da taro da na gaba da shi, ya kuma makara don kansa. Mun wuce Giwa kaɗan sai fitilar batir ta kawo ja. Ka riƙe wannan: a Fijo, fanbel ɗin da ke juya abin cajin batir shi ne ke juya famfon ruwa. Idan jar fitilar nan ta kama kana cikin gudu, kada ka ce matsalar wuta ce za a duba an jima. Ka kalli allura. Na kalla, ta bar tsakiya tana tafiya sama kamar an aike ta.

Na ce, “Yallaɓai, fanbel ya tsinke. A ba ni minti goma sha biyar.” Ina da sabo a but, na saya da kuɗin aljihuna, ga sifana. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Maganin yana bayana, tsakanina da shi bai kai kamu biyar ba.

Bai ko ɗago daga takardunsa ba. Ya ce, “Kofur, a motar nan wa ke ba da oda?” Na ce shi ne. Ya ce to in taka. Odilansa na zaune kusa da ni, yana jin komai.

Na taka. Na kashe jiniya, na rage gudu, ina ta addu'a, kamar addu'a za ta juya famfo. Ba mu yi nisa ba warin ƙonannen ruwa ya cika motar, inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfi ya tafi, ta mutu da kanta. Oga ya fito ya tare wata mota ya wuce abinsa, ya bar ni da tururi. Bakanike ya zare sandar baƙin mai, ta fito kamar an tsoma ta a koko, alamar ruwa ya shiga cikin mai. Gaskit ya ƙone, kan injin kuma, da yake na alminiyam ne, ya lanƙwashe. Da aka buɗe ƙasan injin, nan ma ba a tsira ba.

Aka gurfanar da ni kan sakaci da kayan gwamnati. Aka kira ogan. Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce shi fasinja ne, bai san komai game da inji ba, direba bai gaya masa wani abu ba. Odila ya sunkuyar da kai ya ce barci yake yi. Aka buɗe littafin mota: ranar fita, inda za a je, awon tafiya, mai, duk da hannuna, sunana ne a ƙasa. Babu layi ko ɗaya da ya nuna an ba ni oda. Wata 14 ana yankar albashina, ina da mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a bariki. Saja kuwa sai da na ƙara shekara 4, waɗanda na koya wa riƙe sitiyari suka zo ina sara musu. Mutumin nan ya ci gaba da hawa har ya yi ritaya da girmansa. Na taɓa haɗuwa da shi a wata jana'iza, ya miƙo mini hannu yana tambaya ko mun san juna.

Ku yaran yanzu ma ba ku kallon allura. Ido na kan waya, kunne na toshe da kiɗa, kuna jiran mota ta yi muku magana. Wata shida ka yi a wurina, har kana cewa kai direba ne, alhali da aka ce ka nuna famfon ruwa sai ka nuna mini abin cajin batir. Ni sai da na shekara biyu ina wanke taya kafin a bar ni in ja mota daga inuwa zuwa rana.

In ka tsaya, kada ka yi gaggawar buɗe murfin lagireto, zai saɓule maka fuska. Kada kuma ka kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi don oga na tsaki, ƙarfe tsagewa yake yi. Ka jira ya huce. In ya matsa sai an tafi, ka zare makulli ka miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi, ka ce ya tuƙa. Ban taɓa ganin wanda ya karɓa ba.

Gobe kafin ƙarfe bakwai ina so in ga fanbel na ajiya a but ɗin motar nan, kuma kai za ka cire na jiki ka mayar a gabana. Zan riƙe agogo.